Gurasa da Gishiri: Abin da Na Tsinta a Wata Tatsuniyar Talabijin

Sau da yawa akan ji manya suna ƙorafi, har da waɗansu daga cikin malamanmu, cewa ɗalibin zamanin nan yana iya jero maka sarakunan gidan Targaryen tun daga Aegon wanda ya ci ƙasa da yaƙi har zuwa Mahaukacin Sarki, amma in ka ce ya kawo maka sarakunan Kano biyar daga Bagauda sai ya kama sosa ƙeya. Ƙorafin nan yana da ƙamshin gaskiya, ba na musu. Sai dai ni a nawa ɗan ƙaramin tunani, kafin mu tsaya faɗa da yaro don ya haddace tarihin ƙasar da babu ita a taswira, ya kamata mu tambayi kanmu wace dabara aka yi masa har ya haddace, alhali kuwa ba jarrabawa za a yi masa a kai ba. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma zan kafa hujjata ne da shirin nan na Amurka mai suna Game of Thrones, domin shi na fi sani.

Tashar HBO ce ta nuna shi daga 2011 zuwa 2019, zango takwas, kashi 73, kuma an ɗauko shi ne daga littattafan George R. R. Martin, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996. Lokacin da aka fara shi ina firamare, saboda haka ban gan shi ba sai da na shigo jami'a, a kwamfutar wani abokin ɗakina, mu shida a kan katifa ɗaya. Wajibi ne in faɗa tun da wuri cewa akwai wurare na rashin kunya a cikinsa waɗanda ba su ƙara wa labarin komai ba, kuma mai kwamfutar nan ya ƙware wajen tsallake su, kullum yatsansa yana bisa maɓalli.

Ƙasar da aka ƙaga sunanta Westeros. Dauloli bakwai ne a ƙarƙashin karaga ɗaya wadda aka ƙera da takubban waɗanda aka ci da yaƙi, kuma a can hunturu yakan yi shekaru bai wuce ba. A arewacinta akwai ganuwar ƙanƙara mai tsayin ƙafa 700 da tsawon mil 300. Mai karatu zai ce wannan ai ƙarya ce tsagwaronta. Haka ne, amma ƙarya ce mai uwa da uba. Shi marubucin da bakinsa ya ce ganuwar da Sarki Hadrian na Rum ya fara ginawa a arewacin Ingila a shekara ta 122 ita ce ta ba shi tunanin, sa'an nan rigimar gidan Stark da gidan Lannister ta yi kama da yaƙin basasar da gidan York da gidan Lancaster suka gwabza a Ingila cikin ƙarni na 15, har sunayen ma ba su yi nisa da juna ba. Watau daga rumbun tarihin mutanensa ya ɗebo, ya ƙara gishiri.

Wurin da ya fara girgiza masu kallo shi ne kashi na tara na zangon farko. Ned Stark, sarkin arewa wanda aka kira shi birni ya zama wazirin sarki, shi ne duk muka ɗauka gwarzon labarin. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa, domin da ya gano 'ya'yan sarauniya ba na mijinta ba ne, sai ya je ya gaya mata tukuna, wai don ta gudu da yaran kada a kashe su. Aka kama shi, aka yi masa alkawarin in ya amsa laifin cin amanar ƙasa a bainar jama'a za a bar shi da ransa, ya amsa don ya ceci 'yarsa, sai yaron sarki Joffrey ya ce a sare masa kai. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san Auta ba ya mutuwa. Ko dodo ya haɗiye shi, zai tsaga ciki ya fito. Saboda haka har takobi ya tashi sama muna jiran wanda zai faɗo daga kan katanga ya cece shi. Ba wanda ya zo. Abin lura a nan shi ne takobin da aka sare shi da shi nasa ne, kuma da shi muka ga ya sare wani wanda ya gudo daga ganuwa a kashi na farko, yana koya wa ɗansa cewa wanda ya yanke hukunci shi ya kamata ya zartar da hannunsa. Joffrey kuwa umurni kawai ya bayar, wani ya yi masa aikin. An dasa abin tun farko, an bar shi kashi takwas yana tsiro.

Amma inda na fi son mu daɗe shi ne bikin da ake kira Jan Biki, kashi na tara na zango na uku, wanda aka nuna a watan Yuni na 2013. Robb Stark, ɗan Ned, ya ɗauki alkawarin auren ɗaya daga cikin 'ya'yan wani tsoho mai suna Walder Frey domin a bar rundunarsa ta ƙetare gadar tsohon. Daga baya ya ga wata ya aura. Don a rarrashi tsoho sai aka shirya kawun Robb ya auri 'yar a maimakonsa, aka gayyaci Robb da uwarsa da matarsa mai ciki da mayaƙansa. Da isarsu aka miƙo musu gurasa da gishiri suka ci. To, a al'adar Westeros, wanda ya ci gurasarka da gishirinka a ƙarƙashin rufin gidanka ya shiga amanarka, ba ka taɓa shi, shi ma ba ya taɓa ka, ko da kuwa akwai jini tsakaninku. Kowa ya saki jiki, mu ma masu kallo muka saki. Aka ci, aka sha, aka raka ango da amarya. Sai aka rufe ƙofar zaure, makaɗa suka juya kiɗa zuwa taken gidan Lannister. Uwar Robb ta dubi mutumin da ke zaune kusa da ita, ɗaya daga cikin hakiman ɗanta, ta ɗaga hannun rigarsa, sai ta ga sulke a ciki. Wa ke zuwa biki da sulke? Kafin ta gama marinsa kibau sun fara sauka. Da kashin ya ƙare, sunayen 'yan wasa suka bi allo shiru babu kiɗa ko kaɗan, mu ma a ɗakinmu ba wanda ya ce uffan.

An kashe mutane da yawa a shirin nan kafin wannan dare da bayansa, har waɗansu ba a iya tuna sunansu. Me ya sa wannan ya fita daban? Ina ganin domin an karya doka ne wadda aka riga aka koya mana, muka kuma yarda da ita. Ita ma wannan doka ba daga iska ta faɗo ba. Martin ya ce abubuwa biyu na tarihin Sikotland ya haɗa. A 1440 an gayyaci saurayin shugaban gidan Douglas, ɗan shekara 16, da ƙanensa cin abinci a fadar Edinburgh tare da sarki wanda shi ma yaro ne, aka fitar da su daga kan abinci aka sare. A 1692 kuma, a kwarin Glencoe, sojoji suka sauka a gidajen mutanen MacDonald aka yi ta ciyar da su kusan mako biyu, sa'an nan wata asuba suka tashi suka kashe wajen mutum 30 daga cikin masu masaukinsu. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, domin shi ma ya san nauyin cin abinci a ƙwarya ɗaya.

Daɗin daɗawa, a kashi na gaba sai aka sa ƙanen Robb, wanda bai ma san abin da ya faru ba, ya ba abokan tafiyarsa wata tatsuniya ta ƙasarsu. Wai wani mai dafa abinci ne ya kashe ɗan sarki, ya dafa shi, ya ba uban ya ci har ya nemi ƙari. Aka mai da shi ƙaton ɓera fari wanda ba ya iya cin komai sai 'ya'yansa. Yaron ya ce ba don kisan aka la'ance shi ba, ba kuma don girkin ba, sai don baƙo ne ya kashe a ƙarƙashin rufinsa. Ka ji tatsuniya a cikin tatsuniya. Shekara uku bayan haka, a 2016, ƙanwar Robb ta shigo gidan Walder Frey da siffar baiwa, ta ajiye masa abinci, sai da ya ci ta gaya masa 'ya'yansa ne a ciki. Wannan shi ne ainihin tsarin da muke karantawa a darasin adabin baka: a tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ana faɗin sharaɗi tun a hanya, ɗaya ta kiyaye, ɗaya ta raina, kuma yaron da ke sauraro yana riƙe da sharaɗin nan a ransa har ƙarshe. Wanda aka ba doka ya riƙe, tilas ya riƙe sunayen waɗanda dokar ta hau kansu.

Da masu shirin suka bar wannan hanya an ga abin da ya biyo baya. Littafi na biyar ya fito a 2011, shirin ya wuce inda littattafan suka tsaya, zangon ƙarshe kuma aka dunƙule shi a kashi shida. Daenerys, wadda aka shekara bakwai ana nuna mana tana 'yanta bayi, ta ƙone birni da mutanensa bayan sun miƙa wuya, cikin gaggawar da ba ta ba mai kallo damar bin zuciyarta ba. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon. An kashe kuɗi a wutar nan fiye da yadda aka kashe a Jan Biki, amma a ɗakinmu hira muka ci gaba da yi.

Saura maganar harshe, wadda ita ta fi shafarmu. Wani masanin harshe, David J. Peterson, shi aka ɗauka ya ƙaga harsunan Dothraki da Valyria, da nahawunsu da kalmomi dubbai. Ba ado kawai aka yi da su ba. A zango na uku, a wani birni da aka ɗauki hotonsa a Essaouira ta ƙasar Maroko, Daenerys ta je cinikin mayaƙa bayi 8,000. Mai bayin yana ta zaginta da harshen Valyria, yana zaton ba ta ji, wata yarinya tafinta kuma tana juya zagin zuwa magana mai ladabi. Mu muna karanta zagin a ƙasan allo, muna kuma jin abin da tafinta ta mai da shi. Sai da aka miƙa mata bulalar mulki ta juya ta ba mayaƙan umurni da harshen nan, ta ce masa ai da shi aka haife ta. Duk wanda ya taɓa jin labarin tafintocin zamanin Turawa, waɗanda ke tsakanin Joji da talakawa suna rage zafin magana ko su ƙara, zai gane wurin nan tun kafin a kai ƙarshensa.

Na ƙarshe shi ne Hodor, ƙaton bawan gidan Stark wanda ba ya iya furta komai sai wannan kalma ɗaya, har ta zama sunansa. Zango biyar muna yi masa dariya. A 2016 aka nuna asalin abin: yana tokare da wata ƙofa matattu suna yagarsa ta baya don yaron da yake goyo ya tsira, ana yi masa ihu da kalmomi uku na Turanci masu ma'anar ya riƙe ƙofar, sai ihun ya ratsa zamani ya isa kunnensa yana yaro, ya faɗi yana shure-shure yana maimaitawa har kalmomin suka narke suka koma Hodor. Irin tatsuniyoyinmu ne masu bayyana dalilin da ya sa abu ya zama yadda yake, sai dai nan an ɓoye dalilin shekara biyar.

Wannan wuri ya wahal da masu fassara a ƙasashe da yawa, domin tilas a sami jimla mai maganar ƙofa wadda in an tauna ta za ta koma Hodor. Jamusawa sun yi sa'a, kalmarsu ta ƙofar gari ta yi daidai da gaɓar ƙarshe ta sunan. Mu kuwa mun kwana muna gwadawa. "Riƙe ƙofar" ba ta zuwa ko kusa. "Rufo ƙofar" tana ba da Rufor, wanda ya fi kama da sunan magani. Wani ɗan ajinmu ya kawo "haɗo ƙofar", watau irin ƙofa mai murfi biyu, wadda in an yi ta maimaitawa da sauri takan koma haɗofar, sa'an nan Haɗor. Ita ce mafi kusa da muka samu, ko da yake ƙofar da ke cikin shirin murfi ɗaya gare ta, kuma tokarewa aka ce ya yi, ba haɗawa ba. Duk ɗan ƙungiyar da ya sami wadda ta fi wannan, malami ko ɗalibi, ya kawo mana ita a zamanmu na gaba.