Shekarar da Muka Raba Aji Huɗu

Da na gama Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, wata firamare aka tura ni a gefen Zauro, kan hanyar Birnin Kebbi. Aji huɗu aka ba ni. Yaran akwai murya: in ka rubuta jimla a allo ka karanta, sai su amsa har a jiyo su a fadama. Amma ka nuna wa ɗaya kalma guda a tsakiyar jimlar, sai ya sunkuyar da kai.

Ba na raina hadda. Da ita muka riƙe Alƙur'ani a makarantar allo, kuma can ma sai yaro ya iya babbaƙu da farfaru kafin a yi nisa da shi. A boko ne muka ɗauki amshin, muka bar tushen.

Bayan ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar Kebbi, aka kira mu bita a Birnin Kebbi kan wata dabara da ƙungiyar Pratham ta fara a Indiya. A gwada kowane yaro shi kaɗai, a gano inda ya tsaya: harafi, kalma, sakin layi ko labari. Sannan a zaunar da shi da tsararsa a karatu, ba a shekaru ba.

Da muka dawo, hedimasta ya ware mana awa guda kullum da safe. Muka fitar da tabarmi ƙarƙashin darbejiya, muka yanka kwali muka rubuta gaɓoɓi, ba, bi, bu, yara suna haɗawa da hannunsu. Lissafi kuwa da tsinkaye, ɗauri goma-goma. Wani yaro da ake cewa ba ya ja, ɗan masunci, shi ya fara gane aro a ɗebewa, don ya saba ba da canji a wajen kifin babansa. Ranar da wata yarinya ta karanta kalmar da ba ta taɓa gani ba, ta ɗago ta ce, "Malam, kwalekwale ne!" Na kasa ce mata komai sai madalla.

Abin da ya riƙe mu bayan bitar shi ne wata jami'a da ke zuwa a kan babur. Ba ta tsayawa duba rajista, takan zauna a tabarma tare da yaran, in an tashi ta ce, "Malam, ka yi sauri a wajen wasulla, gobe ka ɗan jinkirta." Abokan da muka yi bita tare, waɗanda ba a taɓa leƙa ajinsu ba, kafin zango ya ƙare da yawansu sun koma "ku maimaita". Ban ga laifinsu ba, malami ɗaya ne da aji maƙil, ga manhaja tana jiransa. Mu kuwa, duk makon da muka san tana tafe, da daddare muke zama mu yanka sabon kwali.