Labarin Zuciya A Tambayi Fuska, Amma Ban Da Mota

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana gaskiya ce a kan ɗan Adam, kuma takan yi daidai a kan doki, domin masanin dawaki da ya dubi ƙirji da ƙafafu ya san abin da za a yi a fagen sukuwa. To, amma akwai wata irin mota da ta ƙaryata wannan karin magana. Idan ka gan ta a bakin titi ba za ka sake waiwayarta ba. Fentinta na kamfani ne, ya ma ɗan koɗe, tayoyinta irin na kowa, salansarta kuma ba ta ruri. Sai ranar da aka jera ta da wata mai ƙyalƙyali aka ba su wuta, sa'an nan mai kallo zai gane cewa abin da ke cikin cikinta ya wuce abin da kamfani ya sa mata. A kan irin wannan mota nake so in yi wa masu karatu tsokaci, domin na tashi a garin Jos ina ganin masu gina ta, na ga gwanintarsu, na kuma ga inda gwanintar kan zama masifa.

Bari mu fara da inda abin ya yi suna, wato Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin ƙasar ta haramta sayar da barasa, bayan an ɗage haramcin kuma haraji ya sa masu dafa ta a ɓoye suka ci gaba da fasa-ƙwauri. Masu ɗaukar kayan suna bukatar motar da ɗan sanda zai gani ya kau da kai, amma in ya bi ta ya sha ƙura. Saboda haka sai su cire kujerar baya, su ƙara ƙarfin sifirin don kada nauyi ya nuna, su sa babban inji, su bar jikin motar yadda yake. Daga cikin irin waɗannan direbobi aka sami waɗanda suka koma tsere na halal bayan an kafa ƙungiyar NASCAR a 1948. Mafi shahararsu shi ne Junior Johnson, wanda ya taɓa shiga kurkuku saboda barasa, daga baya ya ci manyan tsere guda 50.

Kamfanoni da suka ga samari na son abin, sai su ma suka shiga. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki inji mai silinda takwas, mai girman lita 6.4 da ƙarfin doki 325, ya cusa shi a cikin matsakaiciyar mota, ya kira ta GTO. A 1969 Chevrolet ya fitar da wasu 'yan ƙalilan ɗin Camaro masu injin lita 7, ba tare da wani tambari a jiki da zai tona asirinsu ba. Amurkawa kan kira irin wannan mota "mai barci", wato sai an tashe ta a san ko wace ce. Tsadar mai ta 1973 da dokokin hayaƙi su suka karya wannan zamani.

Abin mamaki, tsadar man da ta kashe kasuwar manyan injuna a can ita ce ta cika titunanmu da motoci a nan. Kuɗin mai ya shigo, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, a 1975 kuma aka fara harhaɗa motar Peugeot a Kaduna, wadda duk muke kira Fijo. Ƙirar 504 ta zama motar babban sakatare, ta ɗan kasuwa, ta kuma direban tasha, aka ci gaba da yin ta a Kaduna har 2006. Injinta mai silinda huɗu ne, bai cika lita 2 ba, ƙarfinsa kuwa bai kai doki 100 ba. Duk da haka a waccan shekara ta 1975 ita ta lashe manyan tseren daji uku na Afirka: Ove Andersson ya ci na Safari a Kenya, Hannu Mikkola ya ci na Maroko, Bernard Consten ya ci na Bandama a Kwaddibuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci na Safari da 504 mai ƙofa biyu da silinda shida. Labarin nan ya iso garejojin Jos, kuma kowane bakanike mai kaifin basira ya fahimci abu guda daga cikinsa: jikin 504 zai iya ɗaukar ƙarfin da ya fi wanda aka sayar mana da shi.

Akwai dalilin da ya sa makanikan Jos suka fi damuwa da wannan batu. Garin yana kan tudu ne, wajen ƙafa 4,000 sama da teku, wato kimanin mita 1,200. Inji kuwa numfashi yake yi kamar mutum, iska yake shaƙa ya gauraya da fetur ya ƙona. Duk hawan ƙafa 1,000 iska takan rage kauri, inji ya yi asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Ke nan motar da ta baro Ikko da cikakken ƙarfinta, kafin ta iso Bukuru ta zubar da wajen kashi 12 a hanya, ba tare da kome ya lalace a jikinta ba. Daɗin daɗawa, kabureta ba ta san an hau tudu ba. Fetur ɗin da ta saba bayarwa shi za ta ci gaba da bayarwa alhali iska ta ragu, sai ka ga fulogi ya yi baƙi, salansa na fitar da hayaƙi, mai mota na ta ƙorafin shan mai. Wanda ya buɗe gareji a Jos dole ya koyi maganin wannan, in ba haka ba ya rasa abokan ciniki. Daga neman maido da abin da tudu ya ƙwace, hannu ya saba da ƙara abin da kamfani bai bayar ba.

Ina yaro nakan je garejin wani dattijo a Dilimi, wanda ya koyi aiki a wajen gyaran injunan kamfanin haƙar kuza a Bukuru tun zamanin Turawa. Yana da wata farar 504 da ba ta da maraba da dubban 'yan'uwanta. A gabana ya sauke kan injin, ya kai aka fere shi kaɗan don matsewar iska ta ƙaru, ya zauna kwanaki yana goge hanyoyin shigar iska har suka yi sumul. Ya canja kabureta da mai baki biyu babba, ya daidaita lokacin tartsatsin fulogi da kunnensa, ya sa lagireto mai kauri. Salansa kuwa ya faɗaɗa bututunta amma ya bar tukunyarta, don kada murya ta tona. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai yi mata zanen tsere ba, kamar yadda samari ke yi wa nasu. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ba girin-girin ba, ta yi mai. Wanda ya cika sanar da ƙarfinsa, rabinsa ya tafi a baki."

Na daɗe ina jin daɗin wannan amsa, domin ta dace da tarbiyyar da aka yi mana, ta kawaici da ƙin fariya. Malami na ƙwarai ba ya yawo da littattafansa a ka, attajirin kirki ba a gane shi ta rigarsa. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne tsarin aikinsa. Bai taɓa injin nan ba sai da ya gama da birki, da shokozoba, da tayoyi. Idan mai mota ya zo ya ce a ƙara masa gudu, abin da yakan fara cewa shi ne, "Alhaji, a kawo kuɗin birki tukuna." In mutum ya ce injin kaɗai yake so, sai ya nuna masa ƙofa cikin ladabi. Yakan ce ba a sayen ingarma a ɗaura masa linzamin jaki.

Lissafi yana bayansa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya takan ninka sau huɗu, kuma duk wannan ƙarfi zafi yake komawa a jikin birkin. Ga kuma wani abu da ya shafi Jos musamman. Duk hanyar da ka bi ka bar garin gangara ce, ko ta Saminaka zuwa Zariya, ko ta Toro zuwa Bauchi, ko ta Hawan Kibo zuwa Akwanga. Motar da aka gyara ta yi ƙarfi a kan tudu, tana sauka ƙasa iska za ta ƙara kauri, ƙarfin ya ƙaru a daidai wurin da birki ke shan wahalarsa mafi girma. In kuma an rage mata fetur don ta dace da iskar Jos, a ƙasa sai ya yi mata kaɗan, inji ya ɗauki zafi. Mai gyaran da bai yi tunanin ranar saukar motar daga tudu ba, rabin aiki ya yi.

Ba kowa ne ya bi tsarin dattijon nan ba. Sirrin ya fita daga hannun masu sha'awa ya shiga tasha, inda gudu kuɗi ne, domin direban da ya je Kaduna ya dawo kafin la'asar ya fi ɗan'uwansa lodi ɗaya. Bayan karyewar naira a 1986 sababbin kayan gyara suka gagari talaka, daga baya tsofaffin injunan Turai da muke kira Beljiyam suka cika kasuwa. Sai aka riƙa ɗora wa tsohon jiki injin da ya fi ƙarfinsa, a bar masa birkinsa na da da tayoyi masu sanƙo. Wata rana na shiga irin wannan doguwar 504 mai kujeru layi uku, wadda birkinta na baya ma na ganga ne. A miƙaƙƙen titi muna wuce motoci kamar suna tsaye, direba na murmushi. Da muka fara sauka Hawan Kibo sai ƙaurin birki ya cika motar, na ga ƙafarsa tana nutsewa har ƙasa, yana ta kokawa da giya. Wata tsohuwa a bayana ta kama salati, jaririn da ke cinyar 'yarta na barci bai san abin da ake ciki ba. Allah ya kiyaye, muka tsaya a gefen hanya tayoyin gaba na hayaƙi.

A nan ne batun ɓoye ƙarfi ya daina zama kawaici. Dattijon Dilimi ya ɓoye ƙarfin motarsa daga idon 'yan kallo, kuma shi kaɗai ke hawanta. Wancan direba kuwa ya ɓoye shi ne daga mutanen da suka biya kuɗi suka damƙa masa rayukansu. Tsohuwar nan ta dubi fuskar mota a tasha ta ga irin wadda ta saba shiga, ba ta da hanyar sanin labarin zuciyarta. Haka ma wanda zai sayi irin wannan mota a hannu na biyu, da mai tafiya a ƙasa da ya auna nisanta da ido ya ce zai tsallaka kafin ta iso. Ƙarfin da mutum ya ɓoye amana ce a wuyansa, tun da shi kaɗai ya san da shi.

Ba na cikin masu cewa a hana wannan sana'a. Hannun da ya iya ƙara wa inji ƙarfi da ɗan abin da ke gabansa dukiya ce ga ƙasa, kuma sha'awar tsere ba za ta fita daga zuciyar samari ba, kamar yadda ta sukuwa ba ta fita ba. Abin da kakanninmu suka yi wa sukuwa shi ne ware mata fage da rana. Amurkawa ma haka suka yi: a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a janye samari daga titunan gari zuwa keɓaɓɓen fili mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402, inda ake duba birki da taya kafin a bar mota ta shiga layi. A ƙasarmu an taɓa haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu, saboda haka abin ba baƙo ba ne gare mu. Jos kuwa tana da filayen da haƙar kuza ta bari, ga sanyin da inji ke so. Da hukuma da masu hannu da shuni za su gyara ɗaya daga ciki, da samarin da ke wasa da rai a titin Bukuru da dare sun sami inda za su gwada gwanintarsu gaban alƙalai.

Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da ƙungiyar direbobi ta NURTW, su riƙa leƙa cikin motar haya, kada su tsaya ga takarda da fenti. Duk motar da aka canja wa inji a duba ko birkinta ya dace da shi kafin ta ɗauki fasinja. Ku kuma iyayen gidanmu makanikai, ku koya wa yaranku jerin aikin yadda yake: birki, sa'an nan taya, sa'an nan inji. In mai mota ya ƙi, ku bar kuɗinsa ya wuce, domin sunanku na tafe a cikin kowace motar da ta fita daga garejinku.

Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya sa albarka a hannun masu sana'a, ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya. Amin.