Ruwan omo da tukunyar gas

1/ Jama'a, bari mu yi maganar tukunyar gas. A yankinmu na Sabon Birni da Isa, shiga daji neman itace ya zama sai da kasada saboda 'yan bindiga, gawayi kuma kullum ƙara kuɗi yake. Shi ya sa na saya wa Innarmu tukunya mai kilo 6.

2/ Ta karɓa da tsoro, kuma tana da gaskiya. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, inda ake shimfiɗa tabarma, inda yara ke barci.

3/ Asalinsa ba shi da wari. Da gangan kamfanoni ke zuba masa sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya ankare. Amma mai mura ko mai barci ina zai ji?

4/ Dabarar da nake yi irin ta mai faci ce. Yadda yake tsoma tayar babur a ruwa yana neman kumfa, haka nake kaɗa ruwan omo, in shafa da soso a bakin tukunya, a kan regileta, da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. In kumfa na tasowa tana girma, nan ne yoyon. Duk sanda aka cika tukunya sai na yi.

5/ Don Allah kar ka gwada da ashana. Wallahi akwai masu yi.

6/ Yawanci laifin ƙaramar robar bakin tukunya ce, ko tiyon da zafi ya busar har ya tsage. Canza su bai kai kuɗin cika gas sau ɗaya ba.

7/ Kar ka ce mai gas ya cika maka ita maƙil. Ana barin kusan kashi 20 cikin 100 fanko don gas na kumbura da zafi, zafin Afrilu a nan kuwa yana haura digiri 40. Ajiye ta a tsaye, cikin inuwa.

8/ In ka ji wari: rufe kan tukunya, buɗe ƙofa da taga, kar ka kunna ko kashe wutar lantarki, fitar da yara, sannan tukunyar.

9/ Garuruwanmu ba kusa da motar kashe gobara suke ba. Wanda ya san gidan da aka sayi tukunya kwanan nan, ya je da omo ya nuna musu. Allah Ya tsare mu.