Kwamfuta tsakanin gidan haya da gidan kanta

Duk kwamfutar da ta shiga hanyar sadarwar ofis, rauta ce ke ba ta adireshi, wato lamba irin 192.168.1.23. Tsarin da ke wannan rabo, DHCP, ya fito tun 1993, kuma haya yake bayarwa: wa'adi na cika, lambar na iya sauyawa. Mai duba saƙonni ba ya ko lura. Amma ranar da lambar firintar ofis ta sauya, sai kowa ya riƙa aika takarda gidan da mai shi ya tashi.

Shi ya sa masu kula da na'urori kan rubuta adireshin da hannu: lambar kanta, da 255.255.255.0 mai shata iyakar unguwa, da adireshin rauta wanda shi ne ƙofar fita, sai na DNS mai mayar da sunaye lambobi.

Sai dai wanda ya karɓi rabon, riƙon rajista ma ya hau kansa. In ya ɗauki lamba daga rukunin da rauta ke rabawa, wata rana za a ba wayar baƙo ita, na'urorin biyu su yi karo. Mai hankali kan zaɓa daga wajen rukunin, ya rubuta a littafi saboda magajinsa.