Safiya ɗaya a bakin tafkin Madarumfa

'Yan uwa mata, ranar da muka tashi daga Maraɗi zuwa Madarumfa sarin kifi, jarina na asusu ne, shi ya sa gabana ke faɗuwa. Masunta na fitowa da kwalekwale, wata dattijuwa mai suya ta ja ni gefe: "Ɗiyata, kihi kashi biyu ne, mai ɓawo da marar ɓawo. Ki san su kahin ki kunce bakin zane."

Mai ɓawo ita ce karfasa, faffaɗa, ga ƙayoyi jere a gadon baya. Akwai daɗi a suya, amma zafin rana ba ya raga mata. Tarwaɗa kuwa santsi gare ta, ga gashin baki, ga faɗin kai. Tana shaƙar iska, don haka takan kai gida da ranta, kuma ta fi kyau a banda. Ga gaiwa, doguwa kamar maciji, mai huhu, wadda ke shigewa cikin laka ta jira damina. Ita kam kallonta kawai na yi.

Motar komawa sai bayan azahar. Na cika roba da tarwaɗa.