Ƙuda a Kan Hoto, Mutane a Cikin Hoto



Bara ƙungiyarmu ta shirya ɗan littafin tunawa da taron shekara. Aka ɗora mana, mu uku matasa, rubuta bayani a ƙarƙashin hotuna, Hausa a sama, Turanci a ƙasa, saboda baƙin da ba sa jin Hausa. Muka karɓa ba tare da wani ɗar ba, tunda kowannenmu da diflomarsa a hannu.

Kafin a kai maɗaba'a, muka kai wa wani dattijo cikin iyayen ƙungiya, tsohon malamin Turanci, ya duba. Bai wuce hoton farko ba, inda muka rubuta "On this picture are our members". Ya cire tabarau ya ce, "Yarana, membobin naku ƙudaje ne?"

Muka yi tsuru-tsuru. Ya ce a Turanci, duk abin da kyamara ta ɗauka "in the picture" yake. "On the picture" kuwa na abin da ya hau jikin takardar ne: ƙuda, ɗigon shayi, ko hatimi. Hotuna 14 ne, kuma kusan duka haka muka yi musu. Da an buga, da kuɗin ƙungiya ya tafi, kunya ta zauna.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne da muka koma muka gane Hausarmu ta riga ta raba wannan gardama. Ba Bahaushen da zai rikita "yaro a cikin hoto" da "ƙuda a kan hoto". Inda muka zame shi ne ɗan gajeren "a" ɗin nan. Muna cewa a gida, a tebur, a hoto, duk da shi kaɗai, shi kuwa Bature sai ya zaɓa tsakanin "in", "on" da "at". Tun daga ranar, kafin mu juya jimla, sai mun fara cika ta da Hausa: a cikin ne, ko a kan?

Amma dabarar ba ta zuwa ko'ina. Akwai waɗanda sai dai hadda. Hagu da dama "on the left" da "on the right" ne. Sama da ƙasa "at the top" da "at the bottom". Tsakiya "in the middle", abin da ke can baya kuma "in the background". Hoton kansa idan a bangon littafi yake, "on the cover" ne. Sannan "hoton Malam" na iya zama wanda aka ɗauki Malam, ko wanda Malam ya ɗauka. Na farko "of" ne, na biyu "by". Kuskure a nan na iya raba mai ɗaukar hoto da haƙƙinsa.

Da yawanmu, ko da Hausa zalla muke rubutu, wata rana za mu tura bayanin hoto ko na bangon littafi ga wanda Turanci kaɗai yake ji. Mu dai mun koyi cewa duk lokacin da muka raina Hausarmu muka yi gaggawar tsallakawa, a nan muke tuntuɓe. Mai tambaya kuma ba ya ɓata.

Allah ya sa mu dace.