Wabi da Tunjere

Mu da muke koyar da Hausa a kudancin ƙasar nan, babu darasin da ke zo mana da sauƙi kamar na sunayen gargajiya. Da zarar mun iso kan Ajuji da Ayashe da Barmani, muka ce sunaye ne da ake laƙaba wa yaron da yayyensa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ɗalibai su riga mu ƙarasawa. Bayarabe ya ce abiku ke nan, Ibo ya ce ogbanje. Mu kuwa wabi muke cewa. Adabi bai bar zancen ba. A littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, Ekwefi ta haifi 'ya'ya goma ta binne tara. Wole Soyinka da J. P. Clark kowannensu yana da waƙa mai suna Abiku. Mukan feɗe jigo da salon waɗannan ayyuka, amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi abin da ya kashe yaran ba.

Amsar ba ɗaya ba ce. Akwai sikila, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai tamowa. Sai dai akwai wata cuta da ba a son ambatonta a gaban manya, wato tunjere, wadda tafiyarta ta yi kama da labarin wabi ƙwarai da gaske. A Balin ta Jamus aka gano ƙwayar da ke haddasa ta a 1905. Ta hanyar saduwa take kama babba, kuma ɓoye kanta take yi: ɗan gyambo marar zafi ya fito a al'aura ya warke da kansa, bayan makonni ƙuraje su feso, har a tafin hannu da na ƙafa, su ma su baje. Daga nan sai cutar ta kwanta a jiki shekara da shekaru, mai ita yana harkokinsa lafiya lau. Idan mace ta sami ciki a wannan hali, ƙwayar takan ratsa ta mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Sai a yi ɓari, ko a haife shi babu rai, ko ya zo bakwaini. Wani kuma a haife shi kamar lafiyayye, a yanka ragon suna, sannan majina ta toshe masa hanci, fata ta soma saɓulewa, hanta da saifa su kumbura. Wanda ya rayu ba a yi masa magani ba yana iya tashi da kurumta ko lalacewar ido da haƙora.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne wani abu da likita Max Kassowitz na birnin Biyana ya lura da shi tun ƙarni na 19. Ya ce uwar da ba ta sami magani ba, galibi cikinta na fari ne ya fi shan wahala. Yayin da shekaru ke tafiya ƙarfin cutar kan ragu, daga ɓari zuwa haihuwar gawa, zuwa jariri mai ciwo, har wata rana ta haifi mai lafiya. To, a gidajenmu wannan yaro na ƙarshe shi ne wanda aka kai juji aka ɗauko, aka rataya masa laya. Da ya rayu sai a ce suna ya yi aiki. Wa zai musa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an sami kimanin jarirai 700,000 da suka ɗauki tunjere daga iyaye mata a faɗin duniya. Abin takaici, maganin ba sabo ba ne. Tun 1943 aka tabbatar fenisilin yana kashe ƙwayar. Gwajin gaggawa na ɗigon jini daga yatsa yana ba da sakamako cikin minti 20 ko ƙasa da haka, har ma akwai wanda ke duba tunjere da ƙanjamau a lokaci guda. Idan sabon kamu ne, allurar fenisilin mai daɗewa a jiki guda ɗaya ta wadatar. Idan ya daɗe ko ba a san farkonsa ba, allura uku ce, mako-mako. Ana so a yi ta da wuri, aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, shi ya sa zuwa awo a watannin farko ya fi zuwa bayan ciki ya tsufa. Jaririn da ya kamu kuma kwana 10 ake yi ana ba shi fenisilin. Da irin wannan tsari ne Kyuba ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta kawar da yaɗuwar cutar daga uwa zuwa ɗa, a 2015.

A ganinmu, inda gizo ke saƙar shi ne wurin maigida. Kalmar wabi a kan mace take sauka; ba mu taɓa jin an kira namiji da ita ba. Ita ake kai wa boka, ita uwar miji ke harara, wani lokaci ita ake yi wa kishiya don a sami 'ya'yan da za su zauna. Alhali kuwa idan an yi mata allura aka bar mijin, zai iya sake sa mata cutar kafin ta haihu, amaryar da aka kawo ma ta sami rabonta. Mun san nauyin da ke kan matar da malamar asibiti ta miƙa wa takarda ta ce ta kai wa mai gidanta ya zo gwaji. Da wane baki za ta faɗa? Wasu sukan ninke takardar su tura ƙarƙashin katifa. Saboda haka aikin ya fi kyau ya fito daga bakin maza 'yan'uwansa, a majalisa da masallaci da coci, cewa duk gidan da aka yi ɓari ko haihuwar gawa, miji da dukkan matansa su je a ɗebi jininsu tare, kafin ciki na gaba ya shiga.